"Mun Ci", "An Ci Mu": Ɗalibin Jami'a da Ƙungiyar Ƙwallonsa

Duk mai son ya auna zurfin biyayyar ɗaliban jami'o'inmu ga ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa, to ya kasa kunne ga wakilin sunan da ke bakinsu. Ɗalibi yana zaune a Samaru, bai taɓa taka Landan ba, amma sai ka ji ya ce "mun sayi ɗan wasa" ko "alƙalin wasa ya cuce mu". Wannan "mu" ba suɓutar baki ba ce.

A 1976, Robert Cialdini da abokan aikinsa sun nazarci ɗaliban jami'a a Amurka, suka gano cewa sun fi faɗin "mun ci" idan ƙungiyar makarantarsu ta yi nasara, idan kuwa ta faɗi sai su zame, su ce "sun sha kashi". A ganina namu ɗaliban sun zarce haka. Arsenal ta shafe shekara ashirin bayan 2004 ba ta ɗaga kofin Firimiya ba, amma magoya bayanta "an ci mu" suka yi ta cewa, suna haɗiye takaici. Da yawansu gadon ƙungiyar suka yi daga wa ko kawu, tun zamanin da Nwankwo Kanu ya je can a 1999, kamar yadda zuwan Mikel Obi a 2006 ya ƙara wa Chelsea jama'a. Wanda kuwa ya sauya sheƙa don an ci ƙungiyarsa, kallon maras asali ake yi masa.

Abin da nake gani shi ne, wasan barkwanci ne ya sake riga. Yadda Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, suke tsokanar juna, haka ɗan Madrid da ɗan Barcelona suke yi a ɗakin kwanan ɗalibai. Har ma sabon ya yi abin da tsohon bai yi ba, domin a gidan kallo Bahaushe da Bayarabe sukan tsinci kansu a ɓangare guda, su haɗu su yi wa wani Bahaushen dariya. Sai dai barkwancin gado yana da haddi da kowa ya sani: abokin wasa ba ya fushi, in ya yi fushi shi ya ji kunya. Na ƙwallo ba shi da wannan linzami. Shi ya sa zolaya takan rikiɗe ta zama gaba, kuma ɗalibin da ke da jarrabawa da safe yakan kai sha ɗayan dare yana kallon wasan Zakarun Turai, sannan ya ɗora da musu.

Ba a manta da gida ba. Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, tana nan da kirarinta na "Sai Masu Gida", kuma ɗalibi ɗaya yakan riƙe ta tare da ta Turai ba tare da ya ji ya ci amanar kowace ba.

Mu manazarta mun fi ɗaukar duk wannan a matsayin shiririta. Alhali kuwa gidan kallo maƙera ce da ake ƙera sabon kirari da zambo da habaici duk ƙarshen mako, yawancinsu kuma ba sa wuce kakar wasa ɗaya sai su ɓace. Sassan Hausa na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo suna da ɗaliban da ke neman batun kundin digiri, waɗanda kuma su ne masu furta waɗannan kalmomi.