Wilin Ado Ko Wilin Aiki?

Makon nan ba zancen taki ko iri za mu yi ba, zancen ƙafar mota ne, gama amfanin da bai kai kasuwa ba bai zama kuɗi ba tukuna.

A ƙasashen sanyi, irin su Kanada da arewacin Amurka, hunturu ba irin namu ba ne. Ƙanƙara ke rufe hanya, hukuma kuwa ta bi tana watsa gishiri don ta narke. A lardin Kwibek na Kanada har doka aka kafa tun 2008, ta tilasta wa ƙananan motoci sa tayoyin sanyi. Yanzu wa'adin daga 1 ga Disamba ne zuwa 15 ga Maris. To, a nan gardama kan tashi tsakanin masu a-kori-kura: a kan wane wili za a ɗora tayoyin nan, na baƙin ƙarfe ko kuwa na alminiyum, watau ɗan'uwan sanholon tukwanenmu?

Ni dai ina bayan baƙin ƙarfe.

Kada mu zalunci alminiyum. Ba shi da nauyi, yana saurin fid da zafin birki, ga kyan gani. Masu cewa sanyi ke farfasa shi kuwa sun yi kuskure, sanyi ba ya sa shi gautsi. Abokin gabansa gishiri ne. Akwai wani siririn fenti da a kan shafa masa. Da tsakuwa ko sarƙar da su kan ɗaura wa taya ta kankare shi, sai ruwan gishiri ya kutsa ƙarƙashi, ya yi ta ci a ɓoye. In ya kai bakin da taya ke zama, sai iska ta riƙa zurara kaɗan kaɗan, mai faci ya nemi ƙusa ya rasa. Wani lokaci ma wilin ya manne wa ƙarfen da aka ɗaura shi a kai, a kwance noti duka, ya ƙi fita.

Ga kuma santsi. In mota ta sulale ta bugi dutse ko ta faɗa rami, baƙin ƙarfe lanƙwasa ya kan yi, bakanike ya daidaita shi da guduma, a kai gida. Alminiyum na zubi kuwa ya kan tsage ne. Lalle ƙarfe na tsatsa, amma tsatsarsa a fili ta ke, a goge, a shafa fenti, ga shi da araha. Shi ya sa da yawa a can su kan ajiye na ado sai sanyi ya wuce.

Ina ruwanmu, mu da ba mu da ƙanƙara? Da ruwanmu ƙwarai. Motocin kwance da mu ke saye daga Ikko da Kwatano, da yawansu sun sha gishirin nan shekara da shekaru. Kai falke, kai akawu mai tara kuɗin mota, kada walƙiya ta ruɗe ka. Sa a cire wili, ka duba bayansa. In ka ga fenti ya kumbura, ko wani farin gari kamar toka, ko ɗan layin tsaga, ka nemi ragi, ka sayi na ƙarfe. Wili mai tsaga da buhu ashirin a kansa, ran mutane ne a kan hanya.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.