Rundunar da Aka Bari Cikin Kwali

A ƙasar Ingila da maƙwabtanta na Turai, har zuwa Amurka, akwai wasu mutane, galibinsu magidanta masu abin yi, malaman makaranta da likitoci da akawuna da tsofaffin sojoji, waɗanda idan suka taso daga aiki suka ci abincin dare, sai su kunna fitila su zauna gaban tebur da ɗan buroshi mai tsinin allura, suna shafa fenti a jikin 'yan sojojin darma ko na roba waɗanda tsawon kowannensu bai wuce milimita 28 ba, yau kaɗan gobe kaɗan, har su tara runduna guda ta wani zamani da ya shuɗe, da tutocinta da igwoginta da dawakinta, sa'an nan su jera ta bisa tebur da aka shirya da siffar filin daga, su kara da rundunar wani aboki a kan ƙa'idojin da aka rubuta, ana awo da tef, ana jefa ƙwayar lido, ba don kuɗi ba, sai don ta tsaya a madadin abubuwan da ba mai iya lissafa su a yaƙi na gaske. Wasan yana da asali mai nisa. A shekarar 1824 wani matashin hafsan igwa na ƙasar Furushiya, wadda ita ce babbar masarautar Jamusawa ta arewa, mai suna Reisswitz, ya gyara wasan da mahaifinsa ya ƙaga, ya nuna shi ga Janar Müffling, shugaban hafsoshi, wanda ya gamsu har ya yi wasiyya da shi ga rundunar ƙasar baki ɗaya. A 1913 marubucin nan H. G. Wells ya fitar da littafinsa Little Wars, ya mai da abin wasan farar hula, a 1962 kuma Donald Featherstone na birnin Southampton ya wallafa War Games, wanda daga gare shi ne harkar ta bazu kamar yadda take a yau.

Sai dai akwai wata lalura da da wuya ka sami ma'abocin wannan sha'awa da ya tsira daga gare ta, ita ce barin aiki a tsakiya. Mutum zai ɗaura niyyar gina rundunar yaƙin Watalu, inda aka kayar da Napoliyon na Faransa, ya sayi littattafai da kayan aiki, ya yi wata shida yana himma, sai haihuwa ta zo, ko canjin wurin aiki, ko jinyar mahaifi, ko kuwa wani kamfani ya fito da sababbin sojojin Rum masu ɗaukar ido, sai a rufe kwali a tura ƙarƙashin gado, shekara goma ta wuce. Ra'ayina shi ne komawa ga wannan tsohon kwali ya fi alheri bisa ga buɗe sabon aiki, kuma dalilina ya wuce na tattalin dukiya, ko da yake shi ma dalili ne.

Mu duba abin da mai kwalin zai tarar ranar da ya buɗe. Ƙananan gwangwanayen fenti sun bushe sun zama dutse, farin da ya shafa a ɗamarun sojoji ya koma ruwan ƙwai, wasu bindigogi sun lanƙwashe, tutar takarda ta ɓalle daga sandarta, wasu daga cikin tsofaffin sojojin darma kuma sun fara fitar da wani farin gari a gwiwa da wuya, alamar ƙarfen ya soma ruɓewa. Duk wannan mai gyaruwa ne. Abin da ya kamata ya tsaya ya yi nazari a kansa shi ne rabon da ke tsakanin waɗanda ya gama da waɗanda ya bari. A saman kwalin, cikin auduga, zai ga dogaran Napoliyon masu dogayen huluna na fatar dabba, da 'yan Sikotlan masu zane mai ratsi-ratsi, da barade masu fararen dawaki, da masu sulken ƙirji mai walƙiya, kowanne an ƙawata shi har maɓallan riga. A ƙasan kwalin kuwa, cikin ledar da ko buɗe ta ba a yi ba, akwai sojojin Holan da Beljiyam, da na Hanoba, da na Nassau, da mutanen Brunswick masu baƙaƙen kaya, da tarin sojojin Furushiya masu riguna shuɗi mai duhu da huluna marasa ado, da amalanken harsashi guda biyu ko uku da ba a ko haɗa ƙafafunsu ba. Wannan rabo bai faru bisa haɗari ba, domin hannu yakan fara da abin da ido ya saba gani a zane-zane da majigi, su kuwa masu zane da masu majigi sun daɗe da zaɓen wanda za su nuna da wanda za su ƙyale.

Alhali kuwa haƙiƙanin abin da ya auku ranar 18 ga watan Yuni na 1815, a Watalu, kudu da birnin Burasals, shi ne rundunar Welintan, kwamandan Birtaniya, mai mutum kimanin 68,000, kusan kashi ɗaya ne kawai bisa uku nata 'yan Birtaniya, sauran Jamusawa ne da mutanen Holan da Beljiyam; kuma sojojin Furushiya wajen 50,000, waɗanda aka fatattaki rundunarsu a Ligny kwana biyu kafin nan, har doki ya faɗa kan jagoransu Blücher, tsoho ɗan shekara 72, suka sake tattaruwa, suka keto taɓo da ƙunƙuntattun hanyoyi suna jan igwogi, suka faɗa wa Faransawa ta gefen dama, suka bar mutum kimanin 7,000 tsakanin matattu da masu rauni a yammacin ranar kaɗai. Saboda haka rundunar da aka bari a rabi, in an jera ta yadda take, shaida ce mai tawaya, ta ambaci wasu ta yi shiru a kan wasu, kuma ma'abota ilimin riwaya sun san cewa labarin da aka yanke rabinsa yakan fi ƙarya tsagwaronta ɓatar da mai saurare, tun da kowace kalma da ke cikinsa gaskiya ce.

Wannan tawaya tana da tsohon tarihi a cikin sana'ar kanta. A 1830 aka ɗora wa wani hafsan Birtaniya, William Siborne, aikin gina samfurin filin Watalu da 'yan ƙananan sojoji. Mutumin ya ɗauki abin da amana iyakar amana. Ya tare wata takwas a gidan gonar La Haye Sainte, a tsakiyar filin, yana auna kowane tudu da kwari da shinge, sa'an nan ya aika wa hafsoshin da suka rage da rai takarda, yana roƙon kowa ya faɗi inda mutanensa suke tsaye da misalin ƙarfe bakwai na yamma, sa'ar da Napoliyon ya tura dogaransa harin ƙarshe, ya kuwa sami amsoshi kimanin 700, waɗanda har gobe masu tarihi ke sha daga gare su. Ana cikin haka gwamnati ta canza, sabuwar ta janye kuɗinta, aikin ya tsaya cak a wuyansa. Da Siborne mai raunin azama ne, da nan labarin ya ƙare. Amma ya ci bashi, ya ci gaba, har a 1838 ya baje samfurin a Landan da sojoji fiye da 70,000, jama'a suka yi ta tururuwa suna biyan sule ɗaya su gani. Shi kuwa bai fita daga bashi ba. Samfurin ya nuna sojojin Furushiya da yawan gaske a cikin filin a wannan sa'a, abin da bai yi daidai da yadda Welintan ya ba da labarin nasararsa ba, daga baya kuma Siborne ya tsame dubbai daga cikinsu da hannunsa. Masana sun yi saɓani a kan sababin: Peter Hofschröer, a littafin da ya fitar a 2004, ya ɗora laifin a kan matsin lambar Welintan da mutanensa, wasu kuma ba su yarda da shi ba. Ko ma mene ne, samfurin yana nan a gidan tarihin sojan Birtaniya da ke unguwar Chelsea a Landan, kuma mai wasan da ya zauna a ɗakinsa ya kammala bataliyoyin Furushiya da ya yi watsi da su, yana mayar da wani abu ne, gwargwadon ƙarfinsa, a gurbin da aka bari fayau. Abin ban sha'awa ma, Müffling ɗin nan da ya karɓi wasan Reisswitz a 1824, shi ne wakilin Furushiya da ke tare da Welintan a ranar yaƙin, yana isar da saƙo tsakanin rundunonin biyu.

Amalanken harsashin nan da ke ƙasan kwali su ma suna da hujjarsu. Mu ɗauki biyu daga gidajen gonar da suka tokare gaban layin Welintan. A Hougoumont wani matuƙin amalanke ya kutsa da dawakinsa cikin ruwan wuta ya kai wa masu tsaron gidan harsashi, gidan bai faɗi ba har dare. A La Haye Sainte, Manjo Baring da Jamusawansa kimanin 400 suka yi ta aike suna neman harsashin bindigoginsu, bai iso ba, wajen ƙarfe shida na yamma gidan ya faɗa hannun Faransawa, tsakiyar layin ta shiga haɗari mafi girma a duk yinin. Wanda ya zauna ya liƙa ƙafafun amalanke, ya yi wa alfadari fenti, ya sa shi a tebur, dole wata rana ya tambayi kansa amfanin wannan abu maras kyan gani, amsar kuwa ita ce rabin ilimin yaƙi. Haka lamarin yake ga masu gina yaƙin Omdurman na 2 ga Satumba 1898 a Sudan, wanda 'yan'uwan nan biyu, Alan da Michael Perry na Nottingham, suka ƙera wa sojoji har da Ansaru mabiya Mahadi: sukuwar barade 'yan mashi wadda Churchill ya shiga ita ce ta yi suna, amma wajen kashi biyu bisa uku na rundunar Kitchener, kwamandan Birtaniya, Misirawa ne da Sudanawa, kuma birged ɗin Macdonald, mai yawan bataliyoyin Sudanawa, ita ta tari hari mafi tsanani.

Na san za a ce wannan duka lagwu ne, ɓata lokacin dattijo a kan kayan yara, wani ma ya ce ƙawata zubar da jini ne. Wells kansa, wanda maƙiyin yaƙi ne, ya tafi a kan cewa duk wanda ya buga ƙaramin yaƙi sau kaɗan zai gane irin shirme da asarar da ke cikin babban, kuma shekara guda bayan fitowar littafinsa Turai ta gaskata shi da jinin 'ya'yanta. Ni a ganina mutumin da ya ɓata makonni yana yi wa bataliya fenti mutum-mutum, sa'an nan ya ga an kwashe ta daga tebur cikin minti biyar saboda kuskuren umarni guda nasa, ya fi mai karanta adadin matattu a littafi kusa da fahimtar abin da adadin ke nufi. Game da hukuncin surori masu inuwa kuwa, magana ce ta malamai, kowa ya bi fatawar da zuciyarsa ta natsu da ita. Amma ya kamata a sani cewa wasan Reisswitz na asali ba shi da surar mutum ko ɗaya, 'yan guntayen tubala ne masu launin ja da shuɗi ake turawa bisa taswira, da alƙali a tsakani, kuma har yau akwai masu buga shi a haka.

Saura tambayar da takan tsayar da masu komawa tun a bakin ƙofa, wato yadda za a yi da aikin da. Hannun mutum ya ƙware cikin shekarun nan, fentin ruwa ya maye gurbin na mai, sojojin da ake zubawa yanzu sun ɗan fi na da girma da kauri, sai ya dubi bataliyoyinsa na farko ya ga duk aibinsu, zuciya ta raya masa ya jiƙa su cikin Dettol, kamar yadda 'yan harkar ke yi, ya kankare fentin ya sake daga tushe. Ina ganin wannan ita ce hanya mafi sauri ta sake rufe kwalin, domin ta mai da rabin aiki ya koma babu. Malamanmu sun bar mana ladabin cike aikin da aka fara. Allah Ya tsare mu da daidaita wasa da tafsiri a daraja, ladabin kawai nake nufi: Jalaluddinil Mahalli ya fassara daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshe, ya koma ya yi Fatiha, ajali ya riske shi a shekara ta 864 bayan Hijira, almajirinsa Suyuɗi ya cike daga Baƙara zuwa Isra'i, bai taɓa abin da malaminsa ya rubuta ba, ya kuma bi salonsa sau da ƙafa, har mai saurare a masallaci cikin azumi ba ya jin inda alƙalami ya canza hannu. Mai komawa ga rundunarsa magajin kansa ne, sai ya girmama saurayin da ya fara, ya daidaita sababbi da tsofaffi ta wajen launin ƙasar da suke tsaye a kai da girman tutoci, ya miƙe bindigar da ta lanƙwashe, ya bar sauran yadda suke.

Sa'an nan ya rage buri. Watalu gaba ɗayanta ta fi ƙarfin mutum guda, ita ce ma ta jefa Siborne cikin bashi. Amma ƙauyen Plancenoit, inda sojojin Bülow na Furushiya suka yi ta ƙwace da Faransawa gida-gida da katangar maƙabartar coci tun la'asar har duhu, har sai da Napoliyon ya raba dogaransa ya tura wasu can, wannan zai shiga tebur ɗin cin abinci. Birged ɗin Hiller da ta fara kutsawa cikin ƙauyen bataliya tara ce, shida daga ciki na Landwehr ne daga lardin Silesiya, wato rundunar talakawa da aka kafa a 1813, manoma da masu sana'a waɗanda da yawansu ko kayan sarki cikakku ba su samu ba. In aka ba kowace bataliya soja 24, kamar yadda aka saba a tebur, jimla 216 ke nan, wanda ya lazimci gama shida a kowane mako kuwa zai jera su cikin mako 36. Ya kyautu tun daren farko ya sanar da abokin da ke riƙe da Faransawa, su tsai da ranar karawa, don ya san akwai mai jiransa.