Tsohuwar Fijo Da Haƙƙin Da Take Bin Mu

A ƙasar Amurka akwai waɗansu mutane, galibinsu dattawa masu abin hannu, waɗanda babban abin sha'awarsu shi ne su nemo tsohuwar mota irin mai dogon baya, wadda aka ƙera don ɗaukar iyali da kayansu, su saye ta tana tsatsa a bayan gida, su kwance ta ƙusa-ƙusa, sa'an nan su share shekaru suna mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, har launin fenti da irin ɗinkin kujera. Motoci irin su Ford Country Squire, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1950 zuwa 1991, da Buick Roadmaster, wadda aka rufe babinta a 1996, su ne suka yi jigilar iyalan ƙasar kafin sababbin samfura su ture su. Mai irin wannan gyara yana da wata motar ta hawa; abin da yake nema shi ne ya riƙe wani yanki na zamanin ubansa, kada ya salwanta.

Mu nan tsakanin Madawa da Buza da Keita ba mu san waɗancan manyan motoci ba, amma muna da tamu mai dogon baya, wadda ta yi mana hidimar da ta fi tasu nauyi, wato Peugeot 504 mai layin kujeru uku, Fijon da duk wanda ya yi hankali a wannan yanki ya taɓa zama a cikinta. An fito da 504 a Faransa a 1968, mai dogon bayan ta biyo baya a 1971, kuma daga 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci, ta ci gaba da fitar da 504 har aka haura shekarar 2000, alhali a Faransa an daɗe da barin ta. Dalilin da ya sa ta karɓi ƙasarmu a fili yake: tana da tsawo daga ƙasa, tayoyin baya ke tura ta, ƙafafunta na jure rami da tsakuwa, injinta kuma babu wani gaibu a cikinsa da makanikin ƙauye ba zai gano da idonsa da kunnensa ba. Ita ta kai 'yan ci-rani Kwanni da Sakkwato, ta dawo da su da akwatunansu a sama. Ita ta sauko da masu naƙuda daga duwatsun Adar zuwa likita. Ita ta yi dakon albasar fadamar Tarka ranar da babbar mota ba ta samu ba.

To, ina sakamakon wannan hidima? Wanda ya leƙa bayan tasha ko garejin kowane gari a cikin ukun nan zai ga amsa. Za ka tarar da ita an ɗaure ƙofarta da igiya, an liƙe ɓular tanki da sabulu, an maye gilashin gefe da leda, direba kuma ba ya tsayar da ita sai a kan gangara, domin ya san mabuɗi ba zai tashe ta ba. Haka za a yi ta lallaɓa ta har ranar da ta ƙi motsi, sai a kira 'yan gwangwan su ɗora ta a ma'auni, su biya kuɗin ƙarfe kilo-kilo, a sare ta a loda. Ra'ayina a nan shi ne, mun rikita abu biyu da ya kamata a bambanta, wato faci da gyara, kuma wannan rikitarwa tana cin dukiyarmu da rayukanmu da tarihinmu gaba ɗaya.

Faci shi ne a yi dabarar da za ta kai mota gari na gaba, kuma babu mai zargin direban da dare ya riske shi tsakanin Buza da Keita don ya ɗaure abin da ya karye da waya. Aibi yana farawa ne idan dabarar dare ɗaya ta zama ita ce hali na shekara biyar. Gyara kuwa shi ne abin da tsofaffin makanikai ke yi idan aka ba su lokaci da hakkinsu: a sauke inji, a shimfiɗa sassansa a kan buhu bisa jerin da aka kwance su, a wanke kowanne da fetur, a zuba sababbin zobba, a wasa bawul da hannu har ya zauna daram, sa'an nan a mayar. Idan an tayar, sai ka ga maigidan garejin ya ɗora bakin sukuddireba a jikin injin, ya kai ƙotar kunnensa, ya yi shiru yana saurare, daga nan ya ce wa yaronsa ya ƙara ɗaure wuri kaza. Wannan ilmi ne cikakke, ko da ba a rubuta shi a allo ko takarda ba, kuma motar da aka yi wa irin wannan aiki, aka sabunta birkinta da sitiyari, tana iya ƙara shekaru masu yawa a kan hanya.

Malamanmu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddini, ya lissafta sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta miƙewa sai da su a cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai yin su, laifin ya hau kan kowa. Kuma a zamanin da marar lafiya ba ya isa likita sai da mota, babu shakka makanikanci ya shiga wannan sahu. A mazhabar Malikiyya kuma, mai sana'a yana lamunin abin da aka damƙa masa ya keɓanta da shi, wanda ke nuna cewa aikin hannu amana ce da shari'a ke bibiya. Haka nan mai mota da ke loda mutum goma a kan birkin da ya san ya mutu, ya ci amanar fasinja, ko da Allah ya tsare an sauka lafiya. Yar da abin da ke gyaruwa kuwa, almubazzaranci ne, wanda talaka ya fi kowa buƙatar ya guje shi.

Na san za a ce tsohuwar mota shan mai gare ta, kayanta sun yi wuya, kuma zamani ya koma kan Toyota Hiace da babura. Akwai gaskiya a cikin wannan, kuma motar da ƙashin bayanta ya ruɓe, babu alheri a mayar da ita hanya. Sai dai mu tuna cewa duk abin hawan da muke saye daga waje yake zuwa, kuma sau biyu a rayuwar mutanen da ke raye yanzu mun ga yadda ƙofar waje ke rufewa ba sallama: a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, farashin kayan Turai ya yi tashin gwauron zabo; bayan Yulin 2023 kuma, da iyakar ƙasar Binin ta rufe, hanyar Kwatano da motoci ke biyowa ta toshe. A irin wannan hali, al'ummar da ta iya gyara ita ke tafiya. Mutanen Kuba, tun da Amurka ta ƙaƙaba musu takunkumi a farkon shekarun 1960, suke riƙe da motocin Amurka na shekarun 1950, suna ƙera musu sassa da hannu, har yau suna ɗaukar fasinja a birnin Havana. Sababbin motoci kuwa, da yawansu sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu, abin da ba kowane gareji ke da shi ba.

Wannan yanki ma ba baƙo ba ne ga raya abin da aka ɗebe wa tsammani. Tun daga 1984, da aka fara aikin raya karkara na Keita da taimakon Italiya da hukumar FAO, mutanen Adar, musamman mata, suka yi ta jera duwatsu da haƙa ramuka a kan faƙon da aka ce ya mutu, har ya sake fitar da itace da hatsi. Wanda ya yi haƙurin raya tudu, haƙurin raya inji ba zai gagare shi ba.

Saboda haka ina kira ga ɓangarori uku. Sandikar direbobi ta ɗauki al'adar hana lodi ga duk motar da birkinta ko sitiyarinta ke da shakka, domin ita ta fi jami'in hanya sanin motar kowa. Cibiyoyin koyon sana'a na garuruwanmu su jawo tsofaffin makanikai su koyar, a biya su, a rubuta abin da suka sani da Hausa tun suna raye. Magadan garin Madawa da Buza da Keita kuma, tare da attajiran da suka fara arzikinsu a bayan sitiyarin Fijo, su fanshi ko da guda ɗaya daga hannun 'yan gwangwan, a gyara ta gyara na haƙiƙa a hannun makanikan gari da almajiransu, a ajiye ta inda 'yan makaranta za su gani, kamar yadda gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ke ajiye kayan magabata. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na bikin attajiri guda ba, kuma kowace shekara da aka jinkirta, motocin da suka cancanci ceto da masu iya ceton su raguwa suke yi.