Lafiya uwar jiki: dusa ta tafi wurin tumaki, me ya rage mana cikin hura?

A wannan wata maganarmu ta ƙwarya ce da ludayi. Hura, kunu, koko, gumba: babu gidan da rana za ta faɗi ba a sha ɗaya daga cikinsu ba. Amma hura suna ta tara. Akwai mai gyara ciki, akwai mai cika shi kawai. Bambancin daga bakin turmi yake farawa.

Ku ɗauki ƙwayar hatsi ɗaya ku duba. Tana da riga a bayanta, tana da gari a cikinta. Rigar nan ita ce ke zama dusa in an yi surfe. A cikinta akwai wani abu da masana abinci ke kira harza. Ciki ba ya narkar da harza kamar yadda yake narkar da gari. Tana wucewa cikin hanji, ta sha ruwa, ta kumbura, ta tura ƙazanta waje. Shi ya sa mai samun ta ba ya daɗewa a tsugune, ba ya yunƙuri har jijiya ta tashi. Taurin bayan gida da yawan yunƙuri suna cikin abubuwan da ke tayar da basir. Harza kuma tana rage saurin shigar sukari cikin jini, tana sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Mai noma ya san wannan tun ba a gaya masa ba: akwai hurar da ke kai shi azahar a gona, akwai wadda tun hantsi ta bar shi.

A shekarun 1970 wani likita mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a ƙasar Uganda, ya ja hankalin duniya kan wannan magana. Ya lura cututtukan hanji da suka dami Turawa ba su da yawa wurin mutanen karkara na Afirka. Ya ce dalili shi ne abincinsu, ba a raba shi da harzarsa ba. Binciken da aka yi bayansa ya nuna masu samun harza isassa sun fi tsira daga ciwon sukari, ciwon zuciya da ciwon dajin hanji. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla giram 25 kowace rana.

To, mu yi lissafi irin na aji. Giram 100 na hatsi da rigarsa yana da harza wajen giram 10. Tiya ɗaya wajen kilo 2 da rabi ce. Ke nan in an raba tiya gida 10, kashi ɗaya ya ishi mutum yini guda. Amma fa in ba a tuɓe wa hatsin riga ba.

A nan gizo ke saƙar. Ana surfe, a bakace, a wanke, a sake wankewa, a kai inji, a tankaɗe da rariya mai ƙananan ido. Dusa ta tafi wurin tumaki, ƙasari ya tafi wurin awaki, tsaki ya tafi wurin kaji. Bisashe sun yi sheƙi, mai gida yana fama da ciki. Ni ban ce a bar surfe ba. Matan da ke zuwa makarantarmu ta yaƙi da jahilci sun gaya mini gaskiya: hatsin da ba a surfa ba hurarsa baƙa ce, tana da ɗaci-ɗaci, kuma ba ta kwana. In an kawo ta, mai gidan ne zai fara tsaki. Saboda haka maganar ta maza ce kafin ta zama ta mata. Abin da nake roƙo, a yi surfe sama-sama, ba sai hatsi ya koma fari kamar shinkafa ba. Tsakin da ya rage a rariya a sake daka shi a maida cikin dawo. Mu maza kuma mu daina auna hura da farinta.

Koko da kunun aya su ne suka fi asara, domin tace su ake yi. Abin da ya tsaya cikin mataci shi ne harzar. Jihar Maradi ita ce gidan aya a ƙasar nan, kuma aya tana da harza sosai, amma wanda ya tauna ta ya haɗiye ya fi wanda ya sha ruwanta samu. Zoɓo ma ruwa ne, yana kashe ƙishirwa, ba ya ba da harza ta a zo a gani. Lemun kwalba kuwa babu ko kaɗan. Ƙaramar kwalba ɗaya tana iya ɗauke da sukari wajen giram 35, kamar ƙwaya 7 ke nan.

Makiyaya, ku ji wannan da kyau. Nono abinci ne mai gina jiki, amma ba shi da harza. Nama ma haka. Wanda ya yi kwanaki a daji daga nono sai shayi, kada ya yi mamaki in cikinsa ya ɗaure. Haɗa nono da dawo da kakanninmu suka yi, dabara ce babba. Garin ƴaƴan kuka da ake zubawa cikin nono don ya yi kauri, wasu na ganin algus ne. In mai saye ya sani, ni ban ga laifinsa ba: kusan rabin garin nan harza ne. A dai dafa madara kafin a sa ta barci, saboda cututtukan da ke bin ɗanyen nono.

Mai ciwon sukari kada ya ce an ba shi izini ya sha ƙwarya guda. Hura gari ce, tana ɗaga sukari. Ya sha kaɗan, kada ya zuba sukari, ya bi abin da likita ya gaya masa. Kuma duk wanda ya ƙara harza cikin abincinsa, ya ƙara a hankali, ya ƙara shan ruwa mai tsabta. In ba haka ba kumburin ciki zai samu. Wanda ya ga jini cikin bayan gida, ya je gidan likita, kada ya tsaya jiran hura.

Jarirai hukuncinsu dabam ne. Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba a ba su. Daga wata 6 zuwa shekara 2 cikin yaro ƙarami ne, dusa tana cika shi ba tare da ya samu ƙarfi ba, kuma tana tare sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Shi kam a surfa masa hatsi da kyau, a jiƙa ya kwana, a tankaɗe. A dama kunun da kauri, yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba, a sa masa ƙullin gyaɗa ko garin wake da ɗan mai, uwa kuma ta ci gaba da ba shi nono.