Kuɗin shekara na lauyoyi: bashi ne da talaka ke bi

Kowace shekara majalisar ƙungiyar lauyoyin Nijar, wadda ake kira Baro da Faransanci, takan yanka kuɗin da kowane lauya zai zuba a asusun ƙungiya. Mai karatu na iya cewa wannan magana ce ta masu baƙar riga a Yamai, ina ruwan manomin Sae Sabuwa, ko makiyayin Gazawa, ko ƴar kasuwar Agiye da ita? Ruwansu kuwa da yawa. Ranar da gona ta shiga rikici, ko aka tsare ɗan wani a gidan jandarma, mutumin da zai tashi ya yi magana a madadinsu ƙungiyar nan ce ta ba shi izini, ita ce kuma za ta tsawata masa in ya ci amana. Ƙungiyar da asusunta ya bushe ba ta iya ko ɗaya daga cikin biyun yadda ya kamata.

Da farko ya kyautu jama'a su san yadda abin yake a doka. Lauya ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ba ya karɓar albashi daga baitulmali. Sana'arsa ta ƙashin kansa ce, amma ba mai yin ta sai wanda sunansa ke cikin jerin sunayen ƙungiya. A Nijar doka mai lamba 2004-42 ta ran 8 ga watan Yuni na shekara ta 2004 ta tsara wannan sana'a. Bayan haka majalisar ministocin ƙungiyar UEMOA ta kafa ƙa'ida mai lamba 05 a ran 25 ga watan Satumba na 2014, wadda ta daidaita sana'ar a ƙasashe 8, wato Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo. Wanda ke son shiga sai ya yi karatun shari'a a jami'a, ya ci jarrabawar sana'a, ya yi rantsuwa a gaban kotun ɗaukaka ƙara, sannan ya yi shekara 3 yana koyon aiki ƙarƙashin wani babban lauya.

Lauyoyi da kansu ke zaɓen shugabansu, wanda ake kira Batoniye, tare da majalisar da ke taimaka masa. Ma'anar sunan ita ce mai riƙe da sanda, domin a tsohuwar Faransa shugaban ƴan sana'ar shi ke ɗaukar sandan tutarsu a ranar buki. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, ya san sandan girma, ya kuma san nauyin da ke kan mai riƙe da shi. Juyin juya halin Faransa ya rushe ƙungiyar lauyoyi a 1790, sai ƙofar kotu ta buɗe ga kowane mai baki, gwani da ɗan damfara. Da abin ya ishi mahukunta, Napoliyon ya maido da ƙungiyar a watan Disamba na 1810. Darasin ya tsufa, amma bai daina aiki ba: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, ina kuɗin ke zuwa? Da su ake riƙe ofishin ƙungiya da ma'aikatansa, da ɗakin littattafan shari'a inda ƙaramin lauya da bai da halin saye zai je ya duba doka. Da su ake shirya tarurrukan ƙara wa juna sani, domin doka na sakewa, wanda bai bi ta ba kuwa zai kai mai ƙara ya baro. Da su ake sabunta jerin sunayen lauyoyi, a aika wa kotuna. Da su kuma ake zaman ladabtarwa. Idan wani ya kai kukan cewa lauyansa ya karɓi kuɗi ya yi watsi da shari'a, ko ya tona asirin da aka ba shi amana, Batoniye ne ke karɓar kukan, a bincika. Hukuncin kan fara daga gargaɗi da tsawatarwa, ya kai ga dakatarwa na wani lokaci, ko soke suna baki ɗaya. Bincike na cin takarda, yana cin tafiya, yana cin lokacin mutane, kuma duk waɗannan kuɗi ne.

Akwai wani asusu dabam da bai kamata a haɗa shi da wannan ba, shi ne wanda ake kira CARPA. Lauyoyin Faris suka fara shi a 1957, ƙa'idar UEMOA kuma ta tanade shi ga ƙasashenta. Idan kotu ta yanke a biya mutum diyya, kuɗin suka biyo ta hannun lauyansa, a wannan asusu za a ajiye su da sunan shari'ar, kada su shiga aljihun lauya su cakuɗe da nasa. Amfanin tsarin na mai ƙara ne, amma ƙungiya mai rai da ido ce kaɗai ke iya tsare shi.

Babban dalilin biyan kuɗin shekara shi ne ƴancin kai. Aikin lauya ya haɗa da tsayawa gaban mai ƙarfi, ko attajiri ne, ko kamfani, ko wata ma'aikata, ya ce doka ba ta ba shi gaskiya ba. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Ƙungiyar da ke jiran wani ya biya mata hayar ofishi ba za ta iya ɗaga murya ranar da wannan mai biyan ya taka doka ba. Saboda haka ne Majalisar Ɗinkin Duniya, a taron da ta yi a Habana ta ƙasar Kiyuba a 1990, ta amince cewa lauyoyi na da haƙƙin kafa ƙungiya mai mulkin kanta, wadda ƴaƴanta ke zaɓen shugabanninta ba tare da katsalandan ba. Mulkin kai da aljihun wani kuwa suna ne kawai. Ita ma hukuma riba take ci, domin hukuncin da aka yanke bayan an saurari kowane ɓangare ta bakin gwani shi ne jama'a ke karɓa da kwanciyar rai.

Maƙwabta ba su ɗauki wannan magana da wasa ba. A Nijeriya dokar lauyoyi ta 1975 ta wajabta biyan kuɗin aiki kowace shekara, ana biya kafin ƙarshen watan Maris, kaso 90 cikin 100 kuma na zuwa ga ƙungiyar lauyoyin ƙasar. Wanda bai biya ba ba shi da ikon tsayawa gaban alƙali a wannan shekara, ko a Katsina yake, ko Kano, ko Sakkwato. A tsarin da Nijar ke bi kuwa, majalisar ƙungiya na da ikon cire sunan wanda ya ƙi biya ba tare da uzuri ba daga cikin jeri, har sai ya sauke abin da ke kansa. Mai ƙarar da ya jingina da irin wannan lauya shi ke kwana ciki, don shari'arsa za ta tsaya a kan laifin da ba nasa ba.

Sae Sabuwa na cikin gundumar Gidan Rumji, tare da Tibiri, Cadakori, Gidan Sori da garin Gidan Rumji kansa, ba ta kuma da nisa da birnin Maraɗi. Wannan yanki, har zuwa Agiye da Gazawa, yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar. Gonar da kaka ya nome shi kaɗai yau jikoki da yawa ke rabonta. Daga nan rikici ke tasowa: gonar aro da aka manta aro ce, jinginar da ba a rubuta ba, gadon da aka hana mace, burtalin da garma ta cinye. Jihar Maraɗi ba ta manta da abin da ya faru a Toda cikin watan Oktoba na 1991 ba, inda faɗan manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100.

Dokar tsarin karkara ta ran 2 ga watan Maris na 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda jama'a suka sani da Kofo, yau kuma akwai su a ƙauye da ƙaramar hukuma da gunduma. Rikicin gona kan fara zuwa gaban mai gari ko sarki domin sulhu, mafi yawa kuma a nan suke mutuwa, abin a yaba ne. Amma wanda sulhu ya gagara sai kotu, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara. A wannan mataki ne talaka ke karo da wa'adin da in ya wuce ya wuce, da takardun Faransanci, da kalmomin da ko ɗan boko sai ya nemi fassara. Haka nan ƙa'idar 2014 ta ba lauya ikon tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, a ofishin ƴan sanda ko na jandarma. Haƙƙi ne babba, sai dai wanda babu lauya kusa da shi a takarda kawai yake da shi.

Nan ne ciwon yake. Kusan dukan lauyoyin ƙasar a Yamai ofisoshinsu suke, tsakanin Yamai da Maraɗi kuwa ya fi kilomita 600. Kafin a yi maganar ladan aiki, kuɗin mota da masauki kaɗai sun isa su cinye amfanin gonar da ake shari'a a kanta. Gwamnati ta ga wannan giɓi, ta kafa hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, wato ANAJJ, da doka mai lamba 2011-42 ta ran 14 ga watan Disamba na 2011, aka buɗe mata ofisoshi a manyan kotunan jihohi har da ta Maraɗi. Inda babu lauya akan naɗa wa wanda ake tuhuma mai kare shi daga cikin masu ilimi waɗanda ba lauyoyi ba. Sun cancanci godiya, amma su ma suna bukatar horo daga ƴan sana'a.

Wasu ƙananan lauyoyi na iya cewa kuɗin sun yi masu nauyi, ga hayar ofishi, ga haraji, ga masu ƙara da ba su da abin biya. Wasu na iya cewa ba su ga abin da ake yi da kuɗin ba. Duka biyu magana ce da ta isa a saurara. Maganin ta farko shi ne a yanka kuɗin daidai da shekarun mutum a sana'a, kamar yadda ake yi a Nijeriya, a kuma sassauta wa mai uzuri na gaskiya ya biya kashi-kashi. Maganin ta biyu shi ne lissafi a fili: a karanta wa babban taro abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa ya yi tambaya. Ƙin biya ba ya gyara ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama cikin ƙungiyar manoma ya san haka: in aka daina zubi rumbun tsimi ke fara mutuwa, sannan ƙungiyar ta bi shi.

Don haka akwai aiki a wuyan kowa. Lauya ya biya a kan lokaci, ba sai an aiko masa da takardar tuni ba. Majalisar ƙungiya ta keɓe wani kaso na asusunta domin jihohi: ranakun ba da shawara kyauta a Maraɗi, Gidan Rumji da Agiye, ziyarar gidajen kaso, da tallafi ga matashin lauyan da ya yarda ya buɗe ofishi nesa da Yamai. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, lokaci ya yi da za a buga bayanin haƙƙin mai ƙara da Hausa da sauran harsunan jama'a, a kuma karanta shi a gidajen rediyon karkara. Su kuwa perefe-perefe da shugabannin ƙananan hukumomi da magatakardan kotuna, su nemi jerin sunayen lauyoyi na shekara, su manna shi inda kowa zai gani.

Waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci su ne idon ƙauyukansu a wannan sha'ani. A bakin kotuna ba a rasa dillalai masu jaka da daɗin baki, suna cewa sun san alƙali, ko su lauyoyi ne. Mai karatu ya gaya wa ƴan uwansa: a nemi ganin katin sana'a, a duba sunan cikin jerin da ke wurin magatakardan kotu, a yi jinga a rubuce kafin a fara aiki, kada a ba da ko dala sai da rasit. In lauya na gaskiya ya saɓa alkawari, a rubuta wa Batoniye, a ajiye kwafin wasiƙar. Ɗan damfara ba shi da ƙungiyar da za a kai ƙararsa, sai dai ƴan sanda, bayan kuɗi sun riga sun tafi.

Da yayyafi kogi kan cika. Kuɗin da lauya ke zubawa sau ɗaya a shekara kaɗan ne in aka gwada da gonar gado ko ƴancin mutumin da ke tsare. Wanda ya yi rantsuwa zai kare gaskiya, ya fara da sauke haƙƙin ƙungiyar da ta ɗaura masa rigar. Ita kuma ƙungiyar ta tuna cewa sunan Nijar duka take ɗauke da shi, kuma Sae Sabuwa na cikin Nijar.