Gayauna da Allo: Me Ya Sa Ƙannenmu Ke Gyangyaɗi a Aji?

Duk wanda ya bar Kano a tsakiyar damina, ya karya a Kwanar Ɗangora ya doshi Tudun Wada, kafin ya kai bakin dajin Falgore zai ga abin da mu 'yan wannan yanki muka tashi muna gani har ya daina ba mu mamaki. Zai ga yara 'yan shekara goma zuwa goma sha huɗu sun duƙufa cikin masara da shinkafa, fartanya a hannu, rana ta take, ba kuwa mai tsaye a kansu da tsumagiya. Waɗannan yara su ne dai malamansu na firamare ke rantsuwa cewa ba su da ƙwazo, ba sa gane karatu, da an shiga aji sai gyangyaɗi. Mun daɗe muna jin wannan ƙorafi, har wasunmu da suka taɓa koyarwa a lokacin hutu sun dawo suna maimaita shi. To, ya 'yan'uwa ɗalibai, yaron da ke iya nome kunya ashirin kafin la'asar ba a kira shi rago ba sai an bincika.

A al'adar gandu, ɗa yakan yi wa mahaifinsa aiki tun da safe, abin da aka samu kuwa na gida ne gaba ɗaya. Amma uba mai hikima yakan yanka wa ɗansa ɗan fili, watau gayauna, ya ce wannan taka ce, ka nome ta da yamma bayan an tashi daga gandu, ko ran Juma'a. Abin da ta bayar nasa ne, ko tiya biyar ce ko buhu. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta yi dogon bayani a kan wannan tsari cikin littafin da ta fitar a 1972 bayan zamanta a Batagarawa ta ƙasar Katsina, amma mu ba mu bukatar littafi, zama da yawanmu da kuɗin gayauna muka sayi takalminmu na fari. Kowa ya san yadda yaro ke bi da gayaunarsa. Shi ne zai tambayi tsofaffi wane iri ya fi jure fari, shi ne zai roƙi taki a tsangayar Fulani, shi ne zai lura da tsutsa tun ba ta yi ɓarna ba. Ba wanda ya rubuta masa manhaja, ba wanda ya yi masa alkawarin kyauta. Yana son abin, ya kuma tabbata cewa abin da ya zuba shi zai kwasa.

Haka nan 'yar talla. Ba muna yabon talla ba ne, mun san irin haɗarin da ke cikinta da yadda take raba 'yan mata da makaranta. Amma a dubi yarinyar da ke sayar da gyaɗa a tashar mota: tana riƙe da lissafin mutum biyar a ka, ta ba kowa canjinsa daidai, ta ware uwar kuɗi ta ware riba, ta san abin da zai shiga asusunta. Gobe a aji a rubuta mata 45 a ɗebe 17, ta yi zuru, a sa mata sifiri, a ce ba ta iya lissafi ba.

Makarantar allo ma ta riga mu gane wannan. Yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam abin da ke kai ba gargada. In ya kasa, ya koma ya zauna da shi, ko kwana nawa ne, ko ɗan wane ne. Daga babbaƙu zuwa farfaru, daga nan har a kai ga sauka, kowane mataki da guminsa yake taka shi, shi ya sa ranar da aka ba shi allon zayyana ya zaga dangi da shi, ba mai iya ce masa alfarma aka yi masa. Muna da abin faɗi game da bara da dukan da ake yi a wasu tsangayoyi, ba kuwa kaɗan ba, amma wannan ƙa'ida ta wanke allo ta fi ƙarfin suka.

Yanzu a juyo ga boko. Tun daga watan Satumba na 1976 da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, har zuwa shirin ilmin bai-ɗaya na 1999, da shirin ilmi kyauta kuma dole da Jihar Kano ta ƙaddamar a 2019, da dokar ta-ɓaci a kan ilmi da aka ayyana a 2024, magana ɗaya ake ta nanatawa, ita ce kyauta. Kada wani ya yi mana mummunar fahimta. Mu kanmu 'ya'yan kyauta ne, da an ce sai iyayenmu sun biya, da yawancinmu ba mu ga ƙofar jami'a ba. Yaron da ya fito gida da yunwa ba ya jin karatu, don haka ciyarwa a makaranta ba almubazzaranci ba ne. Kujera, da littafi, da rufin da ba ya yoyo, da malamin da ya san aikinsa yana kuma zuwa, duk haƙƙin yaro ne, bai kamata a ce ya yi wani abu kafin ya same su ba.

Abin da muke kuka da shi shi ne an juya al'amarin. Abin da ya kamata yaro ya samu kyauta, shi ne ba ya samu: a ƙauyuka da yawa yana zaune a ƙasa, su ɗari a ɗaki guda, littafi kuwa sai dai ya hango na malam. Abin da ya kamata ya sha wuya kafin ya samu, shi ne ake miƙa masa a banza. Ƙarshen shekara ta zo, wanda ya iya da wanda bai iya ba duk a tura su aji na gaba, har yaro ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙar Hausa ba. In ya kai jarrabawar fita sakandare, a wasu wurare a tara kuɗi, a rubuta amsa a allo, kowa ya kwafa. Yaro ba wawa ba ne. Tun yana aji uku ya gane cewa a wannan gona, mai noma da mai barci a inuwa dami ɗaya ake ba su. Don me zai wahalar da kansa? Ya ajiye ƙarfinsa ya kai gayauna, inda ake auna wa mutum daidai aikinsa.

Mun ga abin da akasin haka ya haifar a jiharmu. A 1977 aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, shiga cikinsu kuwa sai da jarrabawa mai tsanani. Ɗan talaka daga ƙauye ya san in ya ci zai shiga, in ya faɗi ba zai shiga ba. Likitoci da injiniyoyi da yawa da Kano da Jigawa ke tunƙaho da su daga can suka fito, kuma duk wanda ya zauna da ɗayansu ya ji yadda yake ambaton ranar da sunansa ya fito.

Sai dai akwai tarko a nan, iyaye 'yan boko kuwa su suka fi faɗawa cikinsa. Jin cewa sakamako na sa yaro himma, sai uba ya ce, in ka zo na ɗaya zan saya maka keke, ko waya. A 1973 wasu masana halayyar ɗan Adam uku, Lepper da Greene da Nisbett, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford a Amurka. Sun zaɓi yaran da dama can suke son zane, suka kasa su uku. Kashi na fari aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, na biyu aka ba su ita ba zato bayan sun gama, na uku ba a ba su kome ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake ajiye kayan zanen, ba alkawarin kome. Yaran da aka yi wa alkawari suka ja baya, lokacin da suka ɓata a kan zane bai wuce kimanin rabin na sauran ba. Abin da suke yi don so an mayar musu da shi ƙwadago, ɗan ƙwadago kuwa in ba lada ba ya ɗaukar fartanya. Bambancin keke da gayauna ke nan. Masarar da yaro ya girbe daga cikin aikin ta fito, keke kuwa daga waje aka rataya shi, ranar da aka cire shi karatu ya tsaya. Mun san gidajen da aka fara da keke, aka koma waya, yau yaro na ciniki da ubansa kafin ya buɗe littafi.

Saura sha'awa, ita kuwa ba a sayenta, ba a kuma dasa ta da bulala. Tana tsirowa ne inda karatu ya taɓa abin da yaro ya sani. A nan ne takaicinmu ya fi yawa, domin ƙasar nan tamu littafi ce buɗaɗɗe. Ga dajin Falgore, wanda aka keɓe tun 1949 da sunan Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a 1969. Ga madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ke shayar da gonakin Kadawa da Kura. Ga duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa inda aka daɗe ana haƙar kuza. Amma yaron Riruwai zai haddace sunan wannan ma'adini da Turanci don jarrabawa, bai taɓa sanin cewa shi ne kakansa ya wanke a rafi ba. Yaron Tiga zai zana madatsar ruwa daga allo, alhali ta gaske na bayan gidansu, ba malamin da ya taɓa kai su ya nuna musu ta ina ruwa ke fita da dalilin da ya sa ƙasan bangon ya fi samansa kauri. Ɗan Fulanin da ya san sunan kowace ciyawa a bakin daji da wadda ke kumbura saniya, shi ake sa wa jan biro a darasin kimiyya. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koya wa yaro da harshen da ya tashi da shi, amma mu da muka zauna a waɗannan azuzuwa mun san yawancinmu da haddar kalmomin da ba mu san ma'anarsu ba muka fara.

Ba sai an jira kasafin kuɗi ba kafin a gyara wasu abubuwa. Makarantun ƙauye da yawa suna da fili. A yanka wa kowane ɗan aji biyar da shida kunyoyinsa, ya auna tsawo da faɗi, ya rubuta ranar shuka da yawan taki a littafinsa, abin da ya girbe nasa ne. Lissafi da kimiyya da rubutu duk sun shigo, ba wanda ya yi gyangyaɗi. A kuma dawo da ƙa'idar wanke allo: yaron da bai iya karatu ba kada a tura shi gaba, kada kuma a dake shi, a zauna da shi har ya iya.

Ku kuma yayyenmu da kuka fara aikin gwamnati, da mu da ke biye da ku, nan ne abin ya zo kanmu. Wasunku na ofisoshin ilmi na ƙananan hukumomi, wasu za a tura su sa ido a ɗakin jarrabawa. Ranar na zuwa da kawu ko gwaggo za su aiko cewa ƙaninka zai zauna jarrabawa, a taimaka. Mun san nauyin wannan aike, mun san sunan da za a kira wanda ya ƙi. Wasunmu an riga an aiko musu, ba duka ne kuma suka iya cewa a'a ba. Hutun ƙarshen zango ya kusa, yawancinmu za mu koma Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa mu yi makonni. Mai ƙane a aji shida ya ba shi wasiƙar Hausa ya karanta masa a gaban iyayensu, tun kafin a aiko.