A Daina Yi Wa Abubakar Na Jiki Magayi Uzuri

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami a yau wata gardama ce da ta ɓarke a majalisarmu a Gwarzo bayan sallar la'asar, wadda har ladan ya kira magariba ba a rufe ta ba. Hira ce ta biyo ta kan tsofaffin littattafai, sai wani ya tuna mana cewa mu mutanen Gwarzo muna da namu rabo a tarihin ƙagaggun labaran Hausa, domin kuwa Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo yana cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar, wadda Rupert East ya shirya a Zariya, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga nan zance ya gangaro kan Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin a wannan zamani, wanda kuma da yawa suke ɗauka shi ne kakan littattafan soyayya na Hausa.

Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, ya gyara zama ya ce duk littafin nan babu wanda yake ba shi tausayi kamar Abubakar. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, Abubakar fa?" Ya ce, "Shi fa. Kai yaro ne, ba ka san zafin a ƙwace maka budurwa da kuɗi ba." Majalisa ta ɗauka gaba ɗaya, kowa yana gyaɗa kai. Ni kaɗai na tsaya a gefe, kuma da yake ba a ja-in-ja da babba a gaban jama'a, sai na haɗiye sauran maganata. Ita ce na kawo nan.

Ga wanda bai karanta ba, ko ya karanta tun yana makaranta ya manta, labarin a taƙaice shi ne: Abubakar da Zainab suna son juna, kowa ya san da maganar aurensu. Sai ga Malam Shehu, attajiri mai mata amma ba shi da ɗa, ya shigo neman Zainab da fatan samun haihuwa. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da shi, Allah ya ba su ɗa namiji, ana kiransa Kyauta. Shi kuwa Abubakar ya sha alwashin ramuwa, ya bar gari ya shiga duniya neman asiri, ya sha baƙar wahala har ya samo abin da ya lalata yaron nan. Kyauta ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, daga ƙarshe a wajen sata ya kashe mahaifinsa bai san shi ba ne.

Kada wani ya ce ina wanke Malam Shehu. Ko kusa. Mutumin da ya ga yarinya da masoyinta, ya san an yi nisa, amma ya sa kuɗi ya tsallake, saboda kawai yana neman magaji, mai son kai ne. Zainab ba ita ce a gabansa ba, cikin da za ta ɗauka ne a gabansa. Wannan laifi nasa ne, kuma ba ni da ja da duk wanda ya zarge shi a kai. Iyayen da suka ga abin duniya suka manta da alkawari su ma suna da nasu kason.

To amma abin tambaya a nan shi ne, me Kyauta ya yi wa Abubakar? Ranar da aka yi neman auren nan yaron bai zo duniya ba. Bai kai toshi ba, bai biya sadaki ba, bai raba kowa da kowa ba. Duk cikin mutanen littafin shi kaɗai ne babu hannunsa a komai, kuma shi aka zaɓa aka ɗora wa hukunci. Wannan shi Hausawa suke kira a bar jaki a doki taiki. Da Abubakar ya tari Malam Shehu a kasuwa ya ci kwalarsa, da na ce fushi ne, zuciya ce ta ɗebe shi. Da ya kai ƙara wajen alƙali a biya shi abin da ya kashe, da na ce ya nemi haƙƙinsa. Amma ya duba ya ga ina ne zai fi yi wa attajirin nan ciwo, ya ga ɗansa ne, sai ya mai da ɗan mutum makami. Mai yin wannan lissafi hankalinsa a kwance yake.

Su masu cewa zafin so ne, ina roƙonsu su ƙirga lokaci. Zafin so yana iya sa mutum ya yi ɓarna a dare ɗaya. Abubakar kuwa tafiya ya yi mai nisa, ya kwana a daji, ya ji yunwa da ƙishirwa, ya bi masu magani. Kowace safiya da ya farka a kan hanyar nan yana da damar ya ce a'uzubillahi ya juya gida, ya nemi wata ya aura, ya kama sana'a kamar kowa. Bai juya ba. Ni wahalar nan da masu karatu suke tausaya masa a kanta, ita ce ma babbar shaida a kansa, domin ta nuna mugun nufin ya daɗe yana dahuwa, ba tuntuɓe ya yi ya faɗa ciki ba.

Sa'an nan ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Kyauta ɗan wa ne? Ɗan Zainab ne, wadda Abubakar ya ce yana so kamar ransa. Ita ta yi naƙudarsa, ita ta goya shi, ita za a nuna da baki a gidan biki a ce ga uwar ɓarawo. A ƙarshe ita ce ta zama bazawara ta hannun ɗan cikinta. Mai karatu, ka tsaya ka auna: wane maƙiyi ne zai yi wa mace abin da ya wuce wannan? In da Zainab yake so, ko da ta bar shi, ba zai iya kallon hawayenta a kan ɗanta ba. Abin da Abubakar yake so shi ne ya mallake ta, da ta kuɓuce masa sai ya gwammace ta ƙone da ta ji daɗi a gidan wani. Amma a majalisarmu ita Zainab ce ta sha tsinuwa, wai makwaɗaiciya, wai mayaudariya, ba wanda ya tuna yarinya ce ƙarama tsakanin iyaye da attajiri.

Wannan cuta ta masu karatu ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. A Ingila akwai littafin Wuthering Heights na Emily Brontë da ya fito a 1847, wanda har gobe ake sa shi a sahun manyan littattafan soyayya. Jarumin, Heathcliff, shi ma Catherine ta bar shi ta auri Edgar Linton mai abin hannu. Da ya dawo da kuɗi sai ya auri Isabella ƙanwar Edgar don ya azabtar da ita, har karenta ya rataye. Ya riƙe Hareton, ɗan abokin gabarsa, ya hana shi karatu ya mai da shi bara a gidan ubansa, ya kuma tilasta wa 'yar Catherine auren ɗansa marar lafiya don ya cinye gado. Duk da haka akwai masu karatu da suke kiransa gwarzon masoya. Tamkar Abubakar, shi ma a kan 'ya'ya ya sauke.

Abin mamaki, mu ɗin nan ba ma wahalar gane azzalumi in marubuci ya sa masa babbar riga. Babu wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ya tsaya kare Alhaji Abdu da ya wulaƙanta Rabi da 'ya'yanta saboda Delu. Haka wanda ya karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, ya san gefen da zai tsaya tsakanin Muhammad da Abdulƙadir. Matsalar tana tasowa ne in an riga an raɗa wa mutum suna masoyi. Da zarar an ce mana yana so, shi ke nan, so hana ganin laifi, sai mu ajiye ma'auni. Shi ya sa a yawancin littattafan da ake yaɗawa yanzu ta WhatsApp za ka ga jarumi miskili yana marin matarsa, yana kulle ta a ɗaki, yana yi mata abin da ko faɗarsa ba ta da daɗi, amma da ya zubar da hawaye biyu a babin ƙarshe sai a yafe masa, har 'yan mata su riƙa addu'ar samun irinsa. Jikokin Abubakar ne, sai dai su sun sami mota.

Wani zai ce ai labari ne, me ya yi zafi? Ga abin da ya yi zafi. A wani ƙauye da ke ƙasar Kabo, wajen dangin mahaifiyata, an taɓa ba da wata yarinya ga wanda ba shi ne saurayinta na farko ba. Shi wanda aka bari ya karɓi kayansa cif, ko allura ba a riƙe masa ba, amma bai haƙura ba. Ya bi gari yana yi mata ƙazafi, har magana ta kai kunnen dangin ango, aure ya mutu kafin ya shekara. Da na je, abin da na ji a bakin samari shi ne, "ai ita ta ja, ta ci amanarsa." Kalma ɗaya ba ta bambanta da abin da na ji a majalisar Gwarzo a kan Zainab. Yarinyar nan ta daɗe a gidan ubanta da goyo, shi kuwa ya yi aurensa har da kiɗa. Wanda ya saba yi wa Abubakar uzuri a takarda, ba zai sha wuyar yi wa wannan uzuri a unguwa ba.

Kuma kada a ɗauka littafin nake tuhuma, ko ina kiran a hana rubuta mugaye. Ni a ganina John Tafida da East sun yi adalci fiye da masu karanta su, domin ba su ɓoye komai ba. Sun nuna raɗaɗin da Abubakar ya ji, sun kuma bi ramuwarsa taki ɗaya bayan ɗaya har inda ta ƙare, a kan gawar uba da hannun ɗa. Shekara wajen 90 ke nan abin yana rubuce baƙi a kan fari. Mu ne muke karanta rabin farko da zuciya, mu karanta rabi na biyu da ido kawai. Tausayin wanda aka ƙwace wa budurwa halal ne, ni ma na tausaya masa har zuwa shafin da ya yanke shawarar taɓa yaro. Daga nan tausayina ya koma inda ya dace.

Da muka idar da sallar magariba a ranar, na bi dattijon nan har ƙofar gidansa, na rage murya na ce, "Baba Malam, da a ce Kyauta jikanka ne fa?" Ya yi shiru yana laluben takalminsa, can ya ce in kawo masa littafin ya sake dubawa, nasa gara ta cinye tun tuni. Na kai masa nawa ranar Juma'a, har yanzu bai dawo da shi ba.